Nomau da Sarin Malama Saroja

A garin Rafin Ɗinya, can bayan tsohuwar makarantar 'yan mata, inda yanzu aka yanka filaye aka cika su da shagunan cajin waya, an yi wani gida mai dangar kara da bishiyar darbejiya a tsakiyarsa. Mutum uku ne a gidan: Nomau, da matarsa Gaje, da 'yarsu tilo Barira. Sai wata akuya, wadda ita ma ta ɗauki kanta mutum.

Nomau ba mahaukaci ba ne, kada a yi masa sharri. Yana salla, yana noma, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ciwonsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya ka manta, to ka koma gobe, yana nan. Gaje kuwa wuta ce. Bakinta ya fi hannunta sauri, hannun kuma ba na wasa ba ne. Mutanen unguwa sukan ce Allah ya haɗa su ne don kada a rasa abin hira.

A wancan zamanin malaman Indiya ne cike da makarantun gwamnati. Yaran yanzu ba za su yarda ba, su da ba su san Ba'indiye ba sai a talabijin yana rawa a kan dutse. Amma a da, ka shiga kasuwar Rafin Ɗinya za ka tarar da Ba'indiya tsugune tana taya kuɓewa, tana rantsuwa ta yi tsada. Cikinsu akwai Malama Saroja mai koyar da lissafi, gajeriya, baƙa kamar kowa, da ɗigon ja a goshi da kitso guda har gadon baya. Gaje ke yi mata girki da wanki, Nomau ke ba shukokinta ruwa. Ita ta koya wa Gaje zuba kurkum a miya, Gaje ta koya mata tuƙin tuwo da zagi. Ranar da naƙudar haihuwar Barira ta zo da gardama, Malama ce ta sa Gaje a bayan 'yar motarta ta nufi asibiti, tana tuƙi tana kuka tana addu'a da yarensu. Da yake Barira 'yar fari ce, iyayenta ba sa faɗin sunanta saboda kunya, sai suka riƙa kiranta 'Yar Malama.

Malama na da irin zanen nan nasu da suke kira sari, cike da akwati. Amma akwai ɗaya da ba ta ɗaurawa sai sau ɗaya a shekara, ranar sallarsu ta fitilu, lokacin da take jera aci-bal-bal a kan dakali da magariba ta raba wa yaran unguwa alawa. Siliki ne tsantsa, yadi shida, launin wuyan ɗawisu: ka dube shi ta nan shuɗi, ka ɗan gusa ka ga kore. Bakinsa saƙar zaren gwal ce mai faɗin tafin hannu. In ta gitta da shi a gaban fitilun, har tsofaffi kan manta su rufe baki.

Da zamani ya juya, malaman Indiya suka fara tattara nasu ya nasu, Malama ta kira Gaje da Nomau ranar tafiyarta. Ta ɗora wannan sarin a hannun Gaje, ta ce da irin Hausarta, "Na Barira. Ranar aure, ta ɗaura." Sannan ta ɗaga yatsa kamar tana aji. "Rana babu. Ruwa babu. Turare babu. Farin yadi a naɗe, ganyen darbejiya a sa, ƙwaro ya gudu. Lokaci lokaci a buɗe a inuwa, a sake ninki, in ba haka ba gwal ya karye." Ta nuna wa Gaje yadda ake ɗaura shi, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Gaje, wadda ba a taɓa ganin hawayenta ba, ta ce, "Malama, in dai ina numfashi, da shi za ta fito." Mota ta tashi. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyar Malama Saroja ba. Abin da ya rage nata a garin shi ne sarin nan, naɗe cikin alawayyo, a cikin adaka, ƙarƙashin gadon Gaje.

Wata rana Gaje za ta kai niƙa, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a ka ta ce, "Malam, ganyen adakar nan ya zama gari. Ka samo busasshen ganyen darbejiya ka cika ta." Nomau ya share gindin bishiya, ya tara ganye, ya zuba. Ya tsaya ya duba. An ce a cika adaka da ganye, ga shi kuwa sari ya cinye rabin wurin. Adakar da rabinta sari ne ai ba a ce ta cika da ganye ba. Sai ya ɗauke ƙunshin ya rataye a kan danga, ya ƙara ganye, ya danna da ƙafa, ya hau kan murfin ya zauna har ya rufu, ya sa kwaɗo. Yana zaune yana jin daɗin aikinsa Gaje ta shigo, ta hangi akuya tsaye da ƙafa biyu, farin alawayyo a bakinta, tana tauna tana matsawa wajen shuɗin. Ba ta san lokacin da ta jefe ta da ƙwaryar garin ba.

"Malam! Me ya fito da sari waje?"

"Shi ya tare wa ganyen wuri."

"Shi ganyen don wa ake sa shi?"

Nomau ya yi tunani, sannan ya ce, "Wannan kam ba ki faɗa ba."

Allah ya taimaka alawayyon kawai aka ci. Ranar ba a yi tuwo a gidan ba, gari duk ya tafi a ƙasa. Akuyar kuwa ba ta ga ƙarshen watan ba.

Wata rana da damina, ɗakin Gaje ya fara yoyo daidai kan gado. Ta naɗe sarin, ta sa a kwalla, ta rufe da murfi, ta ɗaure da tsumma, ta ce ya kai ajiya gidan yayarsa Tabawa, can ƙetaren kasuwa, tunda ita rufin kwano gare ta. "Ka dai ji abin da Malama ta ce. Kada rana ta gan shi." Ranar kuwa sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Nomau ya rungume kwalla ya bi jikin katanga a karkace, daga wannan inuwa zuwa waccan, har ya iso filin kasuwa. Nan inuwa ta ƙare. Ya tsaya yana jiran hadari, hadari ya ƙi. Can sai ga Alhaji Ɗanjuma mai goro, mutum kamar rumbu, cikin babbar riga, inuwarsa kaɗai ta ishi mutum biyu shimfiɗa. Nomau ya duƙa ya shige cikinta. Alhaji ya yi gaba, ya bi. Alhaji ya tsaya gaisawa, ya tsaya. Alhaji ya ratsa wajen mahauta, ya ratsa. Da Alhaji ya ji numfashin mutum daidai aljihunsa, sai ya dafe ya kurma ihu, "Ɓarawo!" Aka yi ca, aka ɗago wuyan ɓarawo, sai ga Nomau.

"Inuwarka kawai na ara, Alhaji. Ban taɓa komai ba."

Da aka ji bayani, Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce shi zai raka shi. Haka suka ratsa gari, attajiri a gaba, Nomau a duƙe a gefensa yana cewa, "Alhaji, ɗan yi hagu. Yawwa. Rage sauri." Labarin ya riga shi komawa gida.

"Yana cikin yadi, yadi cikin kwalla, kwalla da murfi!" in ji Gaje. "Ta ina rana za ta gan shi, bawan Allah?"

"Ni ma ban san ta inda take gani ba, shi ya sa."

Ita kuwa Tabawa, da ta leƙa kwallar, taɓe baki ta yi. Ta ce yadin da za a kai wa tela ya fitar da riga da zane da ɗankwali har da ragowa, shi ake wa wannan bauta.

Wata rana bayan girbi, an dawo da sari gida, lokacin sake ninki ya yi. Nomau na cin tuwo da miyar taushe, man ja har wuyan hannu, Gaje ta ƙwala masa kira daga ɗaki: "Malam, in ka gama zo ka kama mini. Ka tuna, ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi." Ya dubi kwanon wanke hannu. Ya dubi hannunsa. Wanke hannu ruwa ne, wannan ko yaro ya sani. Ya ture kwanon da ƙafa, ya tashi ya shiga, ya damƙi bakin sarin da ƙarfinsa na manomi. Da ya ɗaga, ga yatsu biyar na man ja, ɓaro-ɓaro a kan siliki.

Gaje ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a bakin gado, ta zuba wa wurin ido. Wannan shirun ya fi duk zagin da ta taɓa yi masa tsorata shi, ya ja da baya har bakin ƙofa. Can ta tuna ta taɓa ganin Malama ta yi wa maiƙo dabara. Ta ɗauko farar hoda ta zazzage a kai, ta bari ta sha man, ta kaɗe a hankali, ta sake zubawa. Ta yi ta yi har hodar ta ƙare. Jan ya tafi, amma inuwar yatsun ta zauna. Sa'a ɗaya, gefen ciki ne, wanda ake sokewa a fatari ba a ganinsa.

"Ruwa dai bai taɓa shi ba," in ji Nomau daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

Ludayi ya wuce ta saitin kunnensa.

Wata rana Gaje ta fito da shi shan iska a ƙarƙashin rumfa. Igiyar shanyar ba ta kai tsawonsa ba, sai ta naɗa tsumma mai tsabta a ginshiƙi ta maƙala gefe ɗaya, ta miƙa wa Nomau ɗayan, bayan ta shinshina hannunsa. "Riƙe. Kada ka saki sai na dawo." Maƙwabta kawai za ta leƙa ta karɓo kanumfari. Ta tarar da matar gidan a durƙushe tana naƙuda, babu kowa, ta ɗaure zane ta shiga aiki, ta manta da duniya. Nomau na tsaye. Waken da ke kan murhu ya tsotse, ya kama, ya ƙone. Ya ji ƙauri, ya ba tukunyar haƙuri daga nesa. Kaji suka hau tabarmar gero suka yi biki, ya kore su da baki, suka dube shi suka ci gaba. Rana ta karkata, inuwar rumfa ta fara tsukewa, haske ya doso bakin gwal. Sakin dai babu, barin rana ta gan shi kuma babu. Sai ya fara matsawa wajen ginshiƙi yana juyawa, yana naɗe sarin a jikinsa, inuwa na gudu yana binta. Da la'asar Gaje ta dawo ta tarar da mijinta a manne da ginshiƙi kamar zare a mazari, ido da gemu kaɗai ake gani, bakin yadin na nan tsakanin yatsunsa.

"In saki?" ya tambaya.

Ta buɗe baki za ta fara, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta tsaya cak, ta ƙare masa kallo daga sama zuwa ƙasa. Tsawonsa ɗaya da Malama, ba ta taɓa lura ba.

Abin da ya ja wa Nomau sabon aiki ke nan. Dama abin da ke cin ran Gaje shi ne kada shekaru su goge mata yadda ake ɗaurin, ga shi ba ta da dogon madubi, kuma ta rantse ba za ta gwada a jikin Barira ba, sai ranar, da hannunta. Don haka duk sanda aka fito da sari, sai ta aiki yarinyar, ta tura ƙyaure, ta zura wa Nomau fatarinta a kan wando, ta sa ya buɗe hannuwa kamar mai tare kaji.

"Ka buɗe kunne, Malam. Kaina ya fara yoyo kamar ɗakin nan. Duk abin da ka ji na faɗa ka riƙe, kada ka zubar da ko kalma ɗaya."

"To."

Daga nan sai ta kama, hannu na aiki baki na aiki: inda ake farawa, inda ake sokewa, yadda ake tattara a gaba, yadda ake yafa jela a kafaɗa, da faɗan da ke biyo kowane mataki. In ta gama takan ja da baya ta daɗe tana kallo, ta yi wata magana can cikin maƙogwaro, ta goge ido da bakin zane, sannan ta daka masa tsawa ya sauke hannu. Haka aka yi ta yi, shekara na bin shekara. Barira ta girma, ta shiga makarantar nan ta Malama, ta fito, ita ma ta zama malamar lissafi. Ta kuma kawo wanda take so, wani Isiyaku mai gyaran injin ban-ruwa, yaro mai kunya.

Wata rana ana tsakar wannan ɗauri, an yafa jela saura a kafe ta, aka yi sallama a zaure. Gaje, fil a baki, hankali na kan tattara, ta ce, "Malam, je ka ga ko su wane ne." Sai da ta ji ƙarar ƙyaure ta gane abin da ta faɗa. Dattawan gidan su Isiyaku ne, sun zo neman aure, sun sha rawani sun jeru a kan tabarma. Suka ɗaga kai suka ga mai gida ya fito da furfurarsa cikin siliki launin ɗawisu, gwal na walƙiya a idon sawunsa, yana taku ɗaya-ɗaya kamar amarya. Ya gaishe su tsaf, ya tambayi iyali, ya tambayi gona.

Babbansu ya kafa wa tabarma ido, ya yi tari. "Malam Nomau, ko mun zo ba kan lokaci ba?"

"A'a, an kusa gamawa. Saura fil."

"To... bismilla, zauna mana."

"Ba dama. Tattarar za ta lalace."

A tsaye ya ba da 'yarsa. Dattawan suka riƙe dariyarsu har bayan gari, can suka zube a gindin kuka. Amma babban ya ce, gidan da uba ke da irin wannan haƙuri, a nan ake neman aure. Gaje kuwa ta daɗe ba ta leƙa ko rijiya ba.

Aka sa rana bayan girbi. Gaje ba ta kai ba. Zazzaɓi ne na ƙarshen damina, irin wanda ake cewa gobe za a tashi. Da ta ji jikin ba nata ba ne, ta kira shi ya zauna kusa.

"Malam, sarin nan. Kada ka ba kowa. 'Yar Malama kaɗai, hannu da hannu, ranar aurenta. Ka ji?"

"Na ji."

"Maimaita."

Ya maimaita.

"Allah ya sa wannan karon kada ka yi mini irin taka," ta ce, tana ɗan murmushi. Faɗan ƙarshe ke nan da ta yi masa. Gidan ya yi tsit, irin shirun da Nomau bai taɓa sani ba. Aka ɗaga biki har zukata suka ɗan lafa.

Wata rana, biki ya matso, Tabawa ta iso da kayanta a matsayin uwar biki, ta zarce ɗakin marigayiya. Ta riga ta gama shiri: wadda ta iya ɗaurin ta tafi, don haka a kai wa tela ya yanka, a kai mabuga a buge shi ya yi ƙyalli, a turara shi a kan kasko kamar kayan kowace amarya. Ta tarar da Nomau zaune a kan adaka.

"Tashi ka ba ni mabuɗi."

"Yaya, ke ba 'Yar Malama ba ce."

"Ni za ka gaya wa ko wace ce ni? Ni na goye ka, mai kan kabewa!"

Bai motsa ba. Ta fita ta jawo Barira. Ita Barira baƙin ciki ya gajiyar da ita, ta riga ta yarda. A ganinta gara a yanka ta sa, da a ce alkawarin mahaifiyarta ya tashi a banza. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ni ce. Ka ba ni."

Ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. "Ke ce. Amma yau ba ranar aurenki ba ce."

Tabawa ta yi zagi har muryarta ta dushe. Aka turo liman, aka turo mai unguwa, kowa ya ji amsa ɗaya. A kan adakar yake cin abinci, a gefenta yake salla. Tela ya aiko cewa lokaci ya ƙure, ko an kawo yanzu ba zai iya ba. Gari ya ɗauka: wautar Nomau, da aka daɗe ana yi wa dariya, yau ta hana marainiya cika burin uwarta.

Ranar ta zo. Ana shafa fatiha a ƙofar masallaci, maroƙi bai rufe baki ba, Nomau ya sulale. Ya buɗe adaka, ya ɗauki ƙunshin, ya kutsa tsakiyar gida inda mata suka cika maƙil. Uban amarya, amaryar kuma 'yar fari, a cikin taron mata! Aka yi ta jan mayafi ana salati. Bai dubi kowa ba har ƙofar ɗakin da Barira take.

"Hannu da hannu aka ce."

Ta miƙo hannuwanta masu lalle ta karɓa. Ta warware alawayyon, busasshen ganye ya zubo, ɗakin ya ɗauki launi. 'Yan matan da ba su taɓa ganinsa ba suka matso suna leƙe. Ko zare ɗaya bai karye ba.

Sai kuma aka rasa yadda za a yi. Wannan ta ɗaura mata kamar zane, rabi ya zube a ƙasa. Waccan ta ce ai ta gani a fim, ta naɗe ta kamar gawa, Barira ta kasa ɗaga ƙafa. Tabawa ta tafa hannu. "Ga irinta nan! Yadi shida, babu mai iya shi. Da wancan ya bari an yanka, da yanzu ta fito kamar 'yar kowa." Barira ta dubi yadin a hannunta, hawaye ya fara sauka. Ta ɗaga murya wajen labule.

"Baba, Inna ba ta taɓa gaya maka yadda ake yi ba?"

"Ta gaya mini. Ta ce kada in zubar da ko kalma ɗaya."

"To faɗa wa Gwaggo."

Nomau ya juya wa labulen baya. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe hannuwa kamar mai tare kaji, don shi a haka ya san abin. Ya rufe ido. Muryar da ta fito tasa ce, amma saurin da kaifin da inda ake jan numfashi, duk wanda ya san gidan ya san na wace ce.

"Nemo wurin yatsun wannan bawan Allah, nan ne farko. Soke shi a fatari ta dama. Ta dama na ce! Ke wace irin mace ce da ba ta san damanta ba?"

Tabawa ta ɗago a fusace, ta ga ba da ita yake ba, Gaje ce ke faɗa da kanta. Ta lalubo inuwar yatsu biyar, ta soke.

"Zagayo ɗaya ta baya. Shige da cikin nan, ba buhun gero nake ɗaurewa ba!"

Ɗaki ya fashe da dariya. Barira na dariya hawaye na zuba.

"Yanzu tattara. Tsakanin babban yatsa da manuni, kai da komo, kamar mafici. Su daidaita, su kalli hagu. Tsaya da kyau, ni Gaje na gamu da aiki! Soke su a ƙasan cibiya. Ragowar ta ratsa ƙirji, jela ta kafaɗar hagu, ta sauka har bayan gwiwa. Malama ta ce, gwal ya taɓa ƙafa, ƙasa babu. Ina fil ɗin? Yanzu na ajiye shi. Au, yana bakina."

Tabawa ta zare fil daga ɗankwalinta ta kafe jelar. Ta ja da baya. A tsakiyar ɗakin ga Barira tsaye, shuɗi ta nan, kore ta can. Tsofaffin da suka san zamanin fitilu a kan dakali suka kama baki. Wata ta ɗago kwalbar turare za ta fesa, Tabawa da kanta ta buge hannun.

Kowa ya ɗauka an gama. Amma an ce masa kada ya zubar da ko kalma ɗaya, akwai kuma saura. Muryarsa ta sauka can cikin maƙogwaro, yadda Gaje kan yi in ta ja da baya tana kallo.

"To. Haka za ki fito, Barira. Barirata. Duk garin nan babu kamarki, bakina ne ba ya iya faɗa. Allah ya nuna mini."

Tunda aka haife ta, Barira ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Babu wanda ya yi motsi.

Ta ɗaga labule ta fito, gwal na taɓa ƙafarta. Mahaifinta na nan tsaye ya ba ta baya, ido a rufe, hannuwa a buɗe. Daga nan Gaje kan daka masa tsawa, shi kuma tsawar yake jira.

"In sauke?" ya tambaya, ba tare da ya san wa yake tambaya ba.

Barira ta zagayo gabansa, ta kama hannuwan nan biyu masu kantar noma, ta sauke su a hankali.

"Sauke, Baba. Ka kawo shi."